Littafin Kuskuren Dakta

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Habu makwancinsa a Haɗeja, Allah Ya jaddada masa rahama. Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a hannuna wani littafinsa mai baƙin bango ya faɗo, littafin da har yau ya hana ni sakat.

A jami'a Dakta ake ce masa. Ya yi shekaru yana koyar da shugabanci, da yadda duniya ta dunƙule ta zama kasuwa guda, da yadda hukuma ko ƙungiya ke ɗaukar darasi daga abin da ya same ta. Mu a gida tsokanarsa muke yi. Nakan ce, "Yaya, wai ita ma ƙungiyar aji ake sa ta?" Sai ya yi dariya ya ce ai ta fi ni buƙatar bulala. Farfesa dai bai zama ba. Ana son ya buga rubuce-rubuce a mujallun ƙasashen waje, shi kuwa duk abin da ya rubuta a kan manoman fadamarmu ne, sai a dawo masa da shi a ce a gyara. Abin ya ci masa rai sosai, ko da yake ba ya son a tayar da maganar.

Wataƙila shi ya sa ya juyo da iliminsa gida. Gonar mahaifinmu tana wani ƙauye a gefen Auyo, inda manoman shinkafa ke da ƙungiya. Can ya kai wannan littafi, ya raɗa masa suna littafin kuskure. Dokarsa ɗaya ce: bayan girbi a zauna ƙarƙashin tsamiya, shugaba ya fara faɗin kuskuren da ya yi a shekarar, da bakinsa, a rubuta, sannan kowa ya biyo baya. Ranar farko saura kaɗan Baba Bulama, mai garin, ya tashi ya tafi. Ya ce, "Habu, a gabana aka yanka ragon sunanka, yau ni za ka titsiye a gaban 'ya'yana?" Sai Yaya ya fara da kansa. Ya ce shi ya kawo musu irin shinkafar da ruwa ya shanye bara, a rubuta. Dattijon ya gyara zama, ya faɗi nasa.

Daga wannan zama aka gano abin da ke kashe gonaki: kacalla, ciyawar nan mai tsayi da ke toshe hanyar ruwa har ya fantsama. Yaya ya zana magudanar da za a riƙa yi wa gayya ana sare kacallarta kafin damina. Aka yi, aka ga amfani, shekara huɗu shinkafa ta yi kyau. Sai ya rasu.

Aka naɗa ni magatakarda, ba don na fi kowa ba, don jini kawai. A zaman farko bayan rasuwarsa wani ya buɗe baki zai faɗi kuskurensa, sai aka ce a fara karanta abin da Dakta ya bari. Na karanta, idanu suka yi ja, aka yi masa addu'a aka watse. Haka muka yi a shekara ta biyu, haka a ta uku. Babu wanda ya iya ɗora biro a ƙarƙashin rubutunsa, sai ka ce gyara wa mamaci magana za a yi. Fiye da rabin littafin fari ne fat.

Kogi kuwa bai san Dakta ba. Yashi ya cike tsohuwar magudanar, ruwa ya nemi wata hanya ta gabas, yana faɗawa gonakin da ke ƙasa. Mu kuma duk shekara muna ɗaukar adduna mu je mu sare kacalla a inda ruwa ya daina bi, saboda nan ne Dakta ya zana. A daminar da ta wuce, a kwale-kwale na ratsa ta kan shinkafar Malam Isa, maƙwabcinmu na gona, mutum mai iyali goma sha ɗaya. Shi ke tuƙin. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam Sani, kai ma ka san ruwan nan ya sauya hanya. Idan ni na faɗa, za a ce na raina Dakta. Kai ne ƙaninsa." Na ce masa za mu duba, na kau da kai.

Ban duba ba. Ina tsoron a ce ƙanin da bai yi nisa a boko ba ne yake ƙyashin yayansa har a kabari. Ina tsoron fuskar Baba Bulama, wanda har yau muryarsa ke rawa in an ambaci sunan Habu. Kuma in faɗi gaskiya, ina jin daɗin yadda ake matsa mini a tabarma idan na shigo da littafin nan a hammata.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo yau. Na san zai ji daɗin ganin samarin ƙauyen suna duba farashin shinkafar ƙasashen waje a wayoyinsu, abin da ya sha faɗa ana ce masa ya cika surutun boko. Amma mu, na tabbata ba zai yi mana dariya ba. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana koyar da cewa kada sanin ƙungiya ya taru a kan mutum ɗaya, shi muka mayar kacallar da ta toshe mu, kuma da hannuna aka yi.

Abin da ya bari ba zanen magudana ba ne, wannan yashi ya ci. Dokar nan ce ta farko, wadda ta ce babba ya fara. Ranar Asabar za a zauna a tsayar da wurin gayyar bana, kuma gonar Malam Isa ba za ta iya ɗaukar wata daminar irin ta bara ba. Jiya da hantsi na buɗe littafin, na sa biro a ƙarƙashin rubutun Yaya. Na rubuta: "Kuskuren magatakarda: shekara da shekaru ya san ruwa ya sauya hanya, ya yi shiru." Saura in miƙe a gaban Baba Bulama in karanta.