Tafarnuwar Baba da na'urar gefen gado

Ana fito da Baba daga tiyatar zuciya, likita ta ɗebi jininsa kaɗan ta zuba a wata 'yar na'ura a gefen gadonsa. Ta daɗe tana duban allon, sannan ta leƙo inda muke zaune da Mama.

"Hajiya, akwai maganin da Alhaji ke sha da ba ku faɗa mana ba?"

"Ko ɗaya, 'yata. Sai haɗinsa na tafarnuwa da citta, safe da yamma. Ai wannan ba magani ba ne."

"To, jininsa na jinkirin daskarewa. Ko haɗin ne, ko wahalar aikin ce, ba zan jira ya fara zuba ba."

Nan take ta sa aka ɗaura masa sinadarin daskarewar da jinin ya rasa. Zubar da ta hango ba ta zo ba.

Tun farko dangi sun so mu kai shi Indiya. Amma a Abujar nan aka yi aikin, 'yar ƙasarmu ta yi, kuma jiya Baba ya buɗe shagonsa a Wuse da kansa.

Ku fa, me tsofaffinku ke sha da ba sa kiransa magani?