Bin Sawun Geron Tumba

Ni Hajara ban yi boko ba. Ina faɗa, ɗiyata Rabi tana rubutawa, don 'yan garinmu da suka warwatsu su ji.

Kun san geron gidanmu, mai gashi, wanda tsuntsu ba ya sauka a kansa. Kakata Tumba ta zo da shi gidan aure, uwata ta riƙe, ni ma na riƙe. Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu, rumbu ya ƙone ƙurmus da irin a ciki. Bana aka ara mana gona bayan Sabon Birni, hadari ya fara haɗuwa a gabas, na ce za ni neman irin nan, ko ƙwaya ɗaya ce.

Sabon Birni zuwa Gatawa

Ranar Talata muna sallame asuba muka fita, ni da ƙanena Mamman. Mota ba ta tashi ba sai ƙarfe takwas, don direba ya ce ba shi zai buɗe hanya ba, sai wata ta shigo ta ba da labari. Shinge biyu muka wuce. A na biyun soja ya leƙo.

"Mama, ina zuwa?"

"Neman iri."

Ya dubi Mamman, ya ɗaga mana hannu.

A Gatawa muka sauka gidan ƙawata Ige, wadda na taɓa ba ƙwarya guda ta irin. Ta sunkuyar da kai. "Hajara, shekarar da ba mu fita gona ba, shi muka daka wa yara." Can ta ce, "Amma ɗiyata Balki ta tafi da kaɗan garin Isa."

Isa

Da azahar muka isa. Balki ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka, nan muka kwana. Mijinta ya ce, "Iya, wannan ai ya tsufa. Mai saurin nuna muke shukawa yanzu." Da safe Balki ta tuna: wata Bafulatana, Inna Jumma, mai kawo masu nono a da, ta roƙi zangarniya biyu don tsuntsu ya dame su. Su Inna Jumma suna wajen garin Bafarawa.

Mamman ya ce, "Yaya, ruga za mu shiga a wannan zamani?"

Na ce, "Kai zauna. Ni mi za a ɗauka a jikina?"

Ya biyo ni yana gunaguni.

Bafarawa

Babura biyu muka hau. Sau biyu ina sauka saboda yashi. Rana ta take muka same ta, ba a ruga ba, a wata bukka gefen gari. Su ma an kore su, saniya biyu ta rage masu.

Ta ce, "Tun tuni muka shuka shi haɗe da namu, ya ɓace a ciki. Dami huɗu gare mu, na cinmu ne. Duba, ko Allah zai sa."

Idona ya yi rauni, sai na bi da hannu. Dami na fari santsi. Na biyu santsi. Mamman ya ce mu tashi kada rana ta juya. A na uku wani abu ya soke ni a tafi, irin sukar da nake sha ina yarinya in na taya uwata sussuka. Gashin gajere ne, bai kai rabin na da ba, amma shi ne. Na kira sunan Tumba, hawaye ya zubo mani. Zangarniya biyar na tsinta.

Inna Jumma ta zare ɗaya ta soke a jinkar bukkarta. "Hanya ba ta da tabbas, kada duka ya tafi wuri guda. In naki ya yi, ki tuna da ni."

Gida

Muka sake kwana a Isa, Alhamis da la'asar muka shigo Sabon Birni, gero ɗaure a cikina ƙarƙashin zane. Na murza ƙwaya goma a kasko da jiƙaƙƙen yashi. Safiya ta uku Rabi ta ce, "Inna, zo ki taɓa." Huɗu sun tsiro.

Na gode wa Allah, na gode wa Ige da Balki, da Mamman duk da gunaguninsa. Ku da kuke nesa, in Allah ya kai mu kaka ku aiko, kowane gida zangarniya ɗaya. Amma ta farko Bafarawa za ta, ni da kaina za ni kai.