Yadda Aka Ƙaurace wa Tiren Maiwada

Sunansa na yanka Abdulƙadir, amma da za a bar shi ya zaɓa, ko a jikin igamarsa, wato katin izinin zama a Saudiyya, Maiwada zai ce a rubuta. Mutumin Funtua ne. Ya daɗe yana jan motar auduga kafin harkar ta mutu, sannan wan matarsa Sabuwa ya samo masa bizar direba zuwa Riyad. Ni Sanusi, birkila ne daga Gwarzo. Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Manfuha, katifata a jikin bango, tasa a bakin ƙofa, domin shi yake fara tashi.

Gajere ne mai kauri, mai sanyin magana. Idan ya gaishe ka sai ya tambayi gidanku kaf, har akuyar da ka taɓa ce masa ba ta da lafiya. Bas ɗin kamfani da yake kai mu aiki, tsohuwa ce fara, Hajiya yake kiranta. In ta ƙi tashi da safe sai ya shafa sitiyari ya ce, "Haba Hajiya, a gaban baƙi?" Yana shan maganin hawan jini, yana ɓoye shi a cikin hula don kada a ce masa tsoho.

Kamfanin da muke wa aiki ƙarami ne, yana karɓar ayyukan gini a wajen Dir'iyya. Mu Hausawa mun fi yawa a ciki, sai 'yan Bangaladash kaɗan. Amma Maiwada ba kamar mu yake ba a takarda. Igamarsa ta direban gida ce, a ƙarƙashin mai kamfanin shi kansa. Da safe ya kai mu, ya koma ya kai yaran maigida makaranta, ya kai uwargida kasuwa, da yamma ya dawo ya kwashe mu. Dokar ƙwadago da ta yi maganar awannin aiki da kuɗin ƙarin lokaci ba ta shafe shi ba. Shi ya sa da muka kai ƙara daga baya, ko an ci shari'a ko an faɗi, shi babu abin da zai shiga aljihunsa.

Duk Juma'a gidan maigida sukan dafa kabsa, shinkafa da naman rago, su ba shi ragowar. Ba ya taɓa ci a can. Sai ya juye a babban tirensa na silba, ya rufe da leda, ya kawo mana Manfuha. Mu zauna a ƙasa mu zagaye shi, shi kuma yana yayyaga naman yana tura wa kowa gabansa. Wani lokaci sai an gama za ka lura ƙashi kawai ya tsotsa.

A shekarar 2016 al'amura suka taɓarɓare wa masu gini, albashi ya fara jinkiri. Amma abin da ya fi ci mana rai shi ne na'urar dangwala yatsa da ke bakin ƙofar wurin aiki. Da la'asar za a kira mu mu jeru, kowa ya dangwala cewa ya tashi, sannan mu koma kan siminti har a yi isha. Na'ura ta ce mun tafi gida, alhali muna kan tsani. Uwais kafinta, wani ɗan Zariya mai zafin kai da ya ɗan yi boko, shi ya tara mu ya ce doka ta ce aikin da ya wuce lokaci a biya shi da ƙari. Muka haɗu gaba ɗaya muka kai ƙara ofishin ƙwadago da baki ɗaya.

Kamfani ya ɗauko lauya, wani mai turare da taushin murya. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Hujjarsa ɗaya ce, na'ura ba ta ƙarya. Aikinsa na biyu kuwa shi ne ya riƙa kiran mu ɗaya bayan ɗaya, a ba ka shayi da dabino, a nuna maka cewa in ka janye za a sallame ka cikin mutunci.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, ya san inda zai taɓa kowa. Wanda mahaifiyarsa ke kwance a asibiti a Katsina, da maganar tikitin jirgi aka tare shi. Wanda igamarsa ta kusa ƙarewa, da ita aka fara masa. Har ya san cewa Uwais ya ce in an matsa za mu ajiye aiki ranar zuba kankare. Waɗannan maganganu kuwa da Hausa muka yi su, a tsakaninmu, a ƙarƙashin rumfar da muke fakewa lokacin da aka hana aiki cikin zafin tsakar rana. Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya. Kowa ya soma kallon na kusa da shi ta gefen ido.

Ba a daɗe ba ido ya tsaya a kan Maiwada. Shi ke shiga gidan maigida. Shi ne ba ya cikin ƙara. Shi ne kuma yakan zo rumfa da rana ya kawo mana ƙanƙara ya zauna ya saurara.

Wata Juma'a ya shigo da tire ya ajiye, ya yaye leda. Babu wanda ya motsa.

"Bismilla mana, tun da zafinta," in ji shi.

Uwais yana kwance yana latsa waya, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi, mun ƙoshi. Wannan shinkafar tsada gare ta, Malam Maiwada. Ba mu san da me ake biyanta ba."

"Biya kuma? Ragowa ce fa."

"To ai mu ma ragowa ne. Waɗanda ba a saye ba tukuna."

Wasu suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Na wanke hannu na zauna, muka ci mu biyu. Yana ta tura mini nama. Juma'ar da ta biyo baya ma ya kawo, da ta bayanta. Na ce masa ya bari haka nan. Ya ce, "In na daina, sai su ce da ma na san abin da na yi."

Akwai wani mai kula da ma'aikata a wurin, Zaid, ɗan ƙasa ne, dogo, baƙi kamar mu. Shi ke tsayawa kan na'urar dangwala yatsa. Da rana yakan zauna a gefen rumfa kusa da tankin ruwan sanyi, da abin sauraren waya toshe a kunnuwansa, yana kaɗa ƙafa. Larabci kawai muka taɓa ji a bakinsa. Mun saba da shi kamar turken rumfar. A gabansa ake zagin kamfani, a gabansa ake masa ba'a, Uwais ya sa masa suna Dogon Banza. Mu a tunaninmu Hausa ɗaki ce mai ƙofa, in mun shiga mun rufe babu Balaraben da zai biyo mu.

Wata rana maigida ya sa Maiwada ya kai Zaid filin jirgi tarbo wani baƙo. Da ya dawo na ga fuskarsa ta canza. Ya ja ni gefe ya ce, "Sanusi, yaron nan yana jin Hausa. An kira shi a waya, ya juya baya ya rage murya, na ji ya ce, 'Gogo, na ci abinci, ki daina damuwa.' Wallahi da kunnena."

Na ce ya faɗa wa jama'a, ya kuwa faɗa, a gaban kowa. Uwais ya tuntsire da dariya.

"Dogon Banza? Yanzu kuma shi za ka liƙa wa? To gobe za mu gani."

Washegari a rumfa Uwais ya je har gaban Zaid, ya yi murmushi kamar mai gaisuwa, ya ce masa, "Kai Dogo, kanka kamar tulun da ya faɗo daga kan jaki. Akwai kunama a kafaɗarka." Kowa ya zuba ido. Zaid bai ko kalli kafaɗar ba. Ya zare abin kunne ɗaya, ya ɗaga gira ya ce, "Esh?" wato me ka ce. Sannan ya mayar.

Daga ranar abin ya ƙara lalacewa. Da ana zargi ne, yanzu aka ce an tabbatar, tunda har ƙarya ya ƙirƙiro don ya wanke kansa. In ya shigo ɗaki sai hira ta mutu. A bas babu mai amsa masa gaisuwa sai da hanci. Mafi muni, wani ya yi saƙon murya ya tura zauren waya na 'yan Funtua mazauna Saudiyya, daga can ya sauka gida. Matarsa Sabuwa ta kira shi tana kuka, ta ce an tare 'yarsu Muhibba a islamiyya an ce ubanta yana sayar da 'yan'uwansa ga Larabawa. Na ji shi yana ce mata, "Ki ce mata ta yi haƙuri. Ki ce mata Babanta direba ne kawai." Da ya kashe wayar ya juya fuska bango. Ban taɓa jin babban mutum yana kuka a hankali haka ba.

Sai kuma aka gan shi yana fitowa daga ofishin lauya. Wannan kam ni ma na tambaye shi. Ya ce tunda shi ke kwaso mu, lauya yana so ya tsaya a gaban masu sasanci ya shaida cewa da la'asar yake tayar da mota. An yi masa alkawarin hutu da tikiti.

"Me ka ce?"

"Na ce masa ni a wurin nake sallar magariba da isha, a bayan Hajiya nake shimfiɗa kwali. In an rantsar da ni abin da zan faɗa ke nan."

Na kai wa su Uwais wannan magana. Suka ce, "Kai abokinsa ne, me za ka ce da ma?"

Ba a yi mako ba maigida ya karɓe makullin bas, ya tura Maiwada wata gonarsa a bayan gari, ya riƙa jan tankar ruwa. Igamarsa ta ƙare ba a sabunta ba, katin asibitinsa ma ya mutu tare da ita. 'Yan ɗakinmu suka ce an ba shi wurin hutawa ne, ladan aikinsa. Muna waya da shi kullum. Yakan ce kansa na sarawa, maganinsa ya ƙare, amma yana jiƙa tafarnuwa. Kullum sai ya tambaye ni yaya shari'a, wa ya rage, yaya ƙafar Uwais da ƙusa ta soka. Wata safiya mai gadin gonar ya kira ni da wayar Maiwada. An same shi a zaune a cikin tanka, ya jingina da sitiyari, injin bai ko tashi ba. Allah ya jiƙanka, Maiwada, ya sa ka huta.

An ɗauki lokaci kafin takardu su fito. Aka sallace shi bayan la'asar, muka raka shi maƙabarta. 'Yan ɗakinmu sun zo, ba zan ɓoye musu wannan ba, har Uwais ya kama makara. Tunda ba shi da ɗan'uwa a garin, ni aka tsayar ana yi wa ta'aziyya. Ina cikin karɓar hannaye sai na ga Zaid a layi, babu abin kunne. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce da Hausa, irin ta mutanen Makka mai ɗan nauyi a harshe:

"Sannu da haƙuri, Malam Sanusi. Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne."

Uwais ya matso kusa da shi.

"Tun yaushe kake jin Hausa?"

"Tun ina goye. Kakata Bakatsiniya ce, da ƙafa iyayenta suka zo hajji." Ya sunkuyar da kai. "Ni na riƙa kai wa lauya magana. Aikina ne aka ce. Shi wannan bai taɓa kai komai ba. Da aka tambaye shi wa ke zuga ku, cewa ya yi shi hanya yake kallo."

"Da kunamar fa?"

"Na ji. Har tulun ma na ji."

Babu wanda ya yi dariya. Zaid ya juya ya tafi wajen motarsa. Wani a bayana ya ce cikin raɗa, "Kada ku yarda, ƙila lauya ne ya turo shi ya ji abin da za mu ce." Har a bakin kabari zargi bai sake mu ba. Ni ban san abin da ya kawo Zaid ba, kuma ban san ko zai iya maimaita wannan magana a gaban hukuma ba. Har muka rabu da kamfanin bai yi ba. Shari'ar ta ƙare da sasanci, waɗanda suka rage aka ba su wani abu, ba duka ba.

A ranar da aka binne shi, da muka koma Manfuha, tiren yana nan jingine a bayan ƙofa inda ya bar shi. Uwais ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Sannan ya ce in ba shi lambar Sabuwa. Na ce ba Sabuwa kaɗai ta ji waccan maganar ba, Funtua ce ta ji. Ya gyaɗa kai, ya zauna a kan katifar bakin ƙofa, ya sa aka saka shi a zauren wayar 'yan Funtua, ya danna wurin ɗaukar murya. Sau biyu yana farawa yana gogewa. A na ukun ya ce, "Assalamu alaikum. Sunana Uwais kafinta, daga Riyad. Don Allah duk wanda ya san Muhibba 'yar Maiwada direba, ya kai mata wannan saƙon ta ji da kunnenta."