Karen da Ke Jiran Fito

Murdo Tweedie bai taɓa mallakar tunkiya ko ɗaya ba, amma tun yana saurayi har furfura ta rufe shi kiwon tumakin mutane yake yi a tsaunukan Mackenzie, a tsibirin kudu na New Zealand. Dukiyarsa karnuka ce. Yakan tsaya kan tudu ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, kare ya zagaya tsauni ya tattaro garke. Kowane makiyayi da irin fitonsa, kuma karen da ya girma da fiton wani ba kasafai yake jin na wani ba.

A ƙaramin cocin dutse da ke bakin tafki aka ɗaura aurensa da Ailsa, a nan aka raɗa wa 'yarsu Shona suna, a nan kuma aka yi wa Ailsa addu'ar ƙarshe. Daga nan gida ya rage daga shi sai Tip, baƙin kare mai farin ƙirji wanda ya raina tun yana ɗan kwikwiyo. Da sanyin bara ya shigo, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Murdo a bakin garke. Ya tashi, amma hannun dama ya mutu, leɓe ya karkace. Magana ta dawo a hankali. Fito bai dawo ba.

An samar masa ɗaki a gidan tsofaffi na birni, ranar Litinin zai shiga, kuma ba a shiga da kare. Shona ta gwada ajiye Tip a ɗakinta na haya a saman bene. Ya ƙi abinci, ranar da ya samu ƙofa a buɗe kuwa ya fita ya tattara yaran unguwa wuri guda ya tsare su. Mai gidan hayar ya ce ko karen ya bar gidan ko ita ta tashi.

Saura dabara ɗaya. Lahadin da ke bin askin tumaki manoma kan taru a cocin bakin tafki, a yi sujada, a shimfiɗa barguna a ci abinci a waje. A irin wannan zama karnuka suka saba sauya iyayen gida. Murdo ya sa Shona ta kai shi.

"Baba, yawon shan iska muka fito," in ji ta tana tuƙi. "Kada ka sa rai da yawa."

"Ke dai kalli hanya, uwar iyayi."

Suka tarar da manyan motoci cike da baƙi masu ɗaukar hoto. Ranar ta yi kyau har ta ba Murdo haushi: ruwan tafki shuɗi shar, ƙanƙara fara fat a kan tsaunuka. A cikin coci ya zauna yana duban babbar tagar da ke bayan bagadi, wadda ta cikinta ake hango tudun da ya ƙarar da ƙarfinsa a kai. Ya ƙirga fuskokin da ya sani, ba su cika benci biyu ba. Wasu sun mutu, wasu sun sayar da gona, wasu sun koma kiwon shanun madara, inda babur ya ishe su ba sai da kare ba.

Bayan sujada Shona ta shimfiɗa bargo ta fito da burodi da naman tunkiya da filas na shayi. Wata baƙuwa ta durƙusa ta rungumi wuyan Tip, mijinta ya ɗauke su hoto, suka wuce. Can sai ga Fergus Dalgleish, ɗan tsohon maigidan Murdo, wanda Murdo ya koya wa hawan doki. Fergus kaɗai ya rage da garke mai yawa a wajen.

"Baba Murdo, ashe kana nan da ranka? An ce mini tsauni ya gaji da kai."

"Ni na gaji da shi. Kai kuma wannan tumbi fa, doki na ɗaukarka kuwa?"

"Ai tausayinsa ya sa na koma mota."

Suka yi dariya, Murdo ya goge yawun da ya gangaro masa ta gefen baki. Sannan ya nuna Tip da haɓa.

"Ina so ka riƙe shi. Ban taɓa samun kamarsa ba."

Fergus ya tsuguna ya duba haƙoran karen da tafin ƙafarsa. "Ya manyanta, Baba. Amma mu gani. Tumakina ne can bayan shinge."

Suka taka zuwa shingen, Shona na riƙe da gwiwar hannun uban. Fergus ya ɗaga wayar shingen, Tip ya shige ya tsaya, kunnuwa a miƙe. Fergus ya sa yatsu ya yi fito mai ƙarfi. Tip bai ko waiwaye shi ba, idonsa na kan Murdo. Fergus ya sauya kira, ya ƙara da tsawa. Karen ya ci gaba da kallon ubangidansa, jikinsa na ɓari don son tafiya.

"Yi mini naka sau ɗaya in ji," in ji Fergus. "In na kama muryar, sai in kwaikwaya."

Murdo ya sa yatsun hagu a baki. Iska ce ta fito da yawu. Ya gyara ya sake. Tip ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya sauke. A karo na gaba Shona ta kama hannun uban ta sauke shi a hankali.

Fergus ya juyo ga Murdo ya ce, "Baba, ka fi ni sani. In na ɗaure shi a gida, baƙin ciki zai cinye shi. In na sake shi ba ya jin kira, wata rana zai kora mini garke cikin kwazazzabo, ko ya bi na maƙwabci a harbe shi kamar ɓarawo."

Murdo ya sani. Ya kuma san ƙa'idar da ya tashi a kanta: makiyayi ba ya barin wani ya ƙarasa masa karensa. Duk waɗanda suka tsufa a hannunsa shi ya kai su bayan rumfa da kansa, bayan ya cika musu ciki. Ya dubi hannunsa na dama yana reto, ko cokali ba ya riƙewa, balle bindiga.

"Akwai likitan dabbobi a birni, Baba," in ji Shona. "Allura ce kawai."

"A kan tebur, cikin warin magani? A'a." Ya kwance sarƙar Tip daga ɗamararsa ya miƙa wa Fergus. "Ka kai shi tudun da ke kallon tafki. Ka ba shi nama tukuna. Kada ka aiki kowa."

"Da kaina zan yi."

Fergus ya ɗaure Tip a bayan motarsa. Shona ta naɗe bargo, ta mayar da abincin da ba a taɓa ba cikin kwando, ta taimaki uban ya shiga mota. Da suka zo wucewa Tip ya miƙe tsaye, bai yi haushi ba, don ba a taɓa koya masa haushi ba. Jira kawai yake a ce masa ya zo ko ya zauna.

Murdo ya sauke gilashi ya sa yatsu a baki. Wata babbar motar baƙi ta shiga tsakaninsa da Tip. Shona ta hau titi, shi kuwa yana ta hura iska har tafkin ya ɓace a bayansu.