Mai Jita da Wayar Matarsa

A bencin tashar mota yake zaune, jakar jita tsakanin ƙafafunsa, an ɗaure bakinta da igiyar takalmi saboda zif ya lalace. Zai kai shekara arba'in, idanunsa jajur. Wayar da ke hannunsa ruwan hoda ce, kuma yadda yake lalube a cikinta ya nuna ba tasa ba ce.

Ina zaune kusa da shi, kaina na sunkuye, amma kunnena na kan hirarsa da makaɗin gangar ƙungiyarsu da ke gefensa. Wani mai sharhin waƙoƙi a intanet ya ba sabuwar waƙarsu tauraro biyu cikin biyar. Mai zauren da za su yi wasa ranar Asabar kuwa ya ce sai ya ga ra'ayin jama'a kafin ya ba su wuri. Shi ne mai jitar ya aro wayar matarsa yana rubuta wa kansa yabo.

Yana rubutawa yana gogewa. Ina jin duk shekarun da ya yi yana kiɗa, babu wanda ya koya masa wannan.

"Maigida, ka rubuta kamar matarka ce ta rubuta mana," in ji makaɗin. "Yaushe Anti ta taɓa ce maka gwani?"

Bai ko murmusa ba. Ya danna tauraro huɗu, ya tsaya.

"Saura ɗaya ai."

"Bar shi haka," ya ce, yana tura wayar aljihu. "Mai sharhin nan bai yi ƙarya duka ba. Kana sauri a baiti na biyu."