Ranar da Baffa Ya Ce a Nome Burtali

Har gobe idan na wuce wurin masu cajin batir, warin nan mai yaji ya bugi hancina, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu, a ƙauyenmu kusa da Aujara, gaban akwatin talabijin baƙi da fari da ake jona wa batirin mota. Baffa, ƙanen mahaifina, shi ya kawo shi daga Dutse. Ma'aikacin gwamnati ne amma yana taɓa wasan kwaikwayo a talabijin, kuma so yake kakarmu, wadda muke kira Inna, ta riƙa ganin autanta.

Wasan na ma'aikatan fadar wani shugaban ƙasa ne na ƙirƙira, masu rubuta masa jawabi da masu yi masa raɗa a kunne. Baffa ne ɗan raɗa. Duk Juma'a bayan la'asar maƙwabta su cika gidan, da ya fito Inna ta ce, "Ga ja'irin nan, ji hula kamar ta aro."

Sai aka zo makon da wasan ya taɓo rigimar manoma da makiyaya. Shugaban ya rasa ta cewa, Baffa ya sunkuya ya ce, "Ranka ya daɗe, a nome burtalin kawai. Saniya ba ta da ƙuri'a."

Ba wanda ya yi dariya. Mu fa masu shanu ne kaka da kakanni, kuma a daminar shekarar gonaki sun fara cin burtalinmu, hanyar da garkenmu ke bi zuwa mashaya. Inna ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

Kada ka ɗauka ba ta san wasa ba ne. Da Baffa ya zo ya durƙusa yana bayani, a gaban mutane ta ce, "Na sani, rubuta maka aka yi. Amma da nonon saniyar nan na raini bakin da ya faɗa. Inda ka faɗa, can za ka koma ka janye." Ranar ya tafi ba ta sa masa albarka ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ya yi ta bin marubucin wasan har aka shirya fitowar da ɗan raɗa zai tuba a gaban shugaba. Har sun ɗauka a kaset. Sai wani babba ya ga kamar da shi ake, aka kira daga sama, aka dakatar da shirin ɗungurungum. A wancan zamanin wa za ka kai wa kuka? Baffa ya nemi kaset ɗin, aka ce an goge shi, an ɗauki wani taro a kai.

An gaya wa Inna, ta ce, "Ai za su sake." Duk Juma'a sai ta sa in kunna, ta zauna tana kallon tallar taki, tana jira. Wallahi so take ta yafe, kowa ya gani, amma irinsu ba sa haɗiye maganar da suka yi a bainar jama'a. Ni na san ba zai fito ba, kuma abin yana cin raina, amma kunnawa kawai na iya. Ana cikin girbin gero ta rasu.

Yanzu kowa da wayarsa. Mutum ya yi katoɓara da safe, kafin azahar ya fito ya ba da haƙuri, duniya ta gani. Baffa ya tsufa a Dutse, jikokinsa sun sha cewa ya zauna su ɗauke shi ya janye maganar. Sai ya dubi wayar ya ce, "Ku bar shi. Mai kallon ta riga ta tashi."