Haruffa Goma da Suka Hana Ni Cin Tuwo

Na manta abubuwa da yawa daga shekarun da na yi aiki a wata gonar bincike a Samaru, amma kwana ukun da haruffa goma suka hana ni cin tuwo ba za su taɓa fita daga raina ba.

Aikina ba shi da wuya. Kullum ƙarfe tara na safe in buɗe akwatin ma'aunin zafi, in duba, in rubuta a littafi. Firamare kawai na gama, saboda haka sai na duba sau uku nake ɗora biro. Wanda na gada korarsa aka yi, don yana zama a gida yana kwafe lambobin bara. Da wannan labarin aka tarbe ni ranar da na fara.

Wata shekara sai ga wata ɗaliba mai neman digiri na uku, ta zuba littattafaina duka a kwamfuta. Ta nuna mini yadda take yi: lambobin kowane kwana uku ta haɗa su ta mai da su harafi ɗaya. Sanyi harafin a, zafi sosai harafin d, b da c suna tsakiya. Wata guda sai ya koma haruffa goma. Ni da nake rubuta har abin da ke bayan ɗigo, na ga wahalata ta koma karatun 'yan aji ɗaya.

Wata Alhamis ta tare ni a bakin ofis tana murmushi. "Baba, kwamfuta ta samo wata biyu iri ɗaya sak a littafinka. Maris biyu, shekara shida tsakaninsu. Litinin zan nuna wa oga." Ta wuce abinta.

Na kwashi littattafan biyu na tafi da su gida Dogarawa, na shimfiɗa a tabarma, ina bin su layi-layi. Lambobin ba ɗaya ba ne. Amma na ce a raina, kwamfuta ba ta san ni ba, don me za ta yi mini ƙarya?

Matata ta ɗauke kwanon tuwo karo na biyu yadda ta kawo shi. Ta ce, "Malam, in ka kwafa, ai kai za ka fara sani."

Na ce, "Ba lallai ba ne."

Ranar Lahadi na tono laifi ɗaya. A Maris na biyun akwai ranar da kekena ya yi faci a Kwangila, na duba ma'aunin tara da minti arba'in, kuma ban rubuta na makara ba.

Litinin tun kafin takwas ina ƙofarta, makullin akwatin a hannuna don in miƙa in an nema. Na ce, "Malama, kafin ki shiga wurin oga, akwai laifina." Na zayyana mata komai, har da wanda ya yi mini facin.

Ta ce, "Baba, wa ya ce ka kwafa?" Ta buɗe kwamfutar, ta nuna mini talatin da uku a nan, talatin da huɗu da rabi a can, dukansu c. "Haruffan ne suka zo ɗaya, ba lambobin ba. Wata takwas ke nan ina neman lokacin da ya yi kama da wani, don a duba yadda amfanin gona ya yi a wancan. Da kwafa ka yi, ai aikina ne ya rushe."

"To minti arba'in ɗin fa?"

Ta cire lambar ranar gaba ɗaya, ta sake dannawa. Harafin bai motsa ba.

Na ce, "Duk da haka ki rubuta."

Ta rubuta. An ce mini har yau yana nan a kundinta, can ƙasan wani shafi, da ƙananan haruffa.

Abin da na koya shi ne, abu biyu na iya kama da juna ba tare da ɗaya ya saci ɗaya ba. Yanzu in aka faɗa mini magana ban gane ba, a nan tsaye nake tambaya, ko da za a ga ƙarancin karatuna. Kunyar tambaya a wurin take ƙarewa, amma tsoron da mutum ya kai gida sai ya kwana da shi.